Ƙwayar Ƙarfe Bakwai

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Sun ba ni wani ruwa mai zaƙi kamar narkakkiyar alewa, suka ce in shanye, in zauna a benci awa biyu ba ci ba sha. Sau uku suka ɗebi jinina. Da sakamako ya fito, Sista Mai Tabarau, wadda ke duba ni tun watan farko na cikin nan, ta sauke tabarau zuwa kan hanci ta ce, "Tela, sukarinki ya hau."

Na ce, "Ya hau ina? Ni da ko shayi cokali ɗaya nake sa masa?"

"Ba laifin cokali ba ne. Ciwon sukari ne na masu ciki. Yakan zo, kuma yawanci yakan tafi bayan haihuwa."

Sati ashirin da shida. Shekarata talatin da bakwai. Na ɗauka na gama karɓar rabona na takardun asibiti, ashe da saura.

Ta tambaye ni ko ina shan ɗayan maganin yadda ya kamata. Na ce shekara tara ban taɓa tsallake ƙarfe bakwai na safe ba, ko ranar aurena. Ta ce, "To ki ci gaba. Kada ki taɓa shi."

Wa ya ce zan taɓa shi?

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na gaya wa Mai Firji. Mijina ke nan. Da wannan sunan na san shi ranar da ya zo gyaran firjin shagonmu, har yau bakina bai koyi wani ba. Yana wanke baƙin mai a bakin famfo na faɗa masa. Da na ce "sukari" sai hannunsa ya tsaya, ruwa na ta zuba.

Mutumin da na gaya wa babban sirrina kafin aure ya ce, "To sai me, ba ga magani ba?" Ya je aka gwada shi, aka ce lafiyarsa ƙalau, ya dawo ya aure ni. Yau shi ne kalma ɗaya ta hana shi rufe famfo.

Na san dalili. Babansa ne. An fara da yatsa, aka koma ƙafa, daga baya ido ya tafi. Shi ya yi jinyarsa shekara uku.

Na ce, "Wannan daban ne."

Ya ce, "Haka suka ce mana da farko."

Bai ci abinci ba.

Alhamis, tsakar rana, a shago

An ba ni 'yar na'urar awo. Sau huɗu a rana zan soki yatsa, in ɗiga jini a kan wani ɗan tsinke, ta nuna lamba. Shekara goma sha biyar ina kaffa-kaffa kada allurar keke ta taɓa min yatsa, yau ni da kaina nake neman inda zan soka.

Doguwa, wadda kekenta ke kusa da nawa, ta leƙo ta ce, "Ke dai komai naki sai da awo. Kin auna ƙugun mutane, kin auna kafaɗa, yanzu har jini."

Na ce, "Zo in auna bakinki, shi ne tef ba zai kai ba."

Rigunan makaranta ɗari biyu ne a gabanmu, Madam mai shagon tana so kafin ƙarshen wata. Ta ce in rage zama, in riƙa tashi ina guga. Bayan cin abinci kuma ina zagaya layin nan sau biyu, daga mai faci zuwa kantin magani in dawo. Mai faci ya fara gaishe ni da "sannu da sintiri."

Asabar, ƙarfe bakwai da minti biyar na safe

5.9. Ana son ƙasa da 5.3. Ni da farin burodi, sai wata rana.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Inna ta zo, mahaifiyar Mai Firji. Za ta zauna har in haihu. Ta shigo da kwalbar zuma, wai maganin kowace cuta. Na ce, "Inna, ai wannan ita ce cutar da kanta." Ta yi dariya ta ce to ita za ta sha a madadina.

Labarin sukari ta sani. Ɗayan ba ta sani ba. Haka muka yanke tun farko ni da ɗanta. Robar maganin tana cikin gwangwanin maɓallaina, ƙarƙashin zaren da ba na amfani da shi, a saman durowa. Shekara huɗu tana zuwa gidan nan, ba ta taɓa neman maɓalli ba.

Talata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Mai Firji ya shigo ɗaki da waya a hannu, ya tura ƙofa don kada Inna ta ji.

"Tela, kin san maganin nan naki yana iya ta da sukari?"

"Wa ya ce?"

"An rubuta. Ga shi nan."

"An rubuta 'ba a zubar da shara a nan' a bangon layinmu. Je ka duba ƙarƙashinsa."

Bai yi dariya ba. Ya zauna a bakin gado ya ce wata uku kawai. In ajiye shi har in haihu, sukari ya sauka, sannan in koma. Ya ce, "Ai da bakinsu suka ce ba a ma ganin ƙwayar cutar a jininki."

Na ce, "Ba a ganinta ne don ina shan maganin. In ka cire firji daga wuta, kwana nawa naman yake yi?"

Ya ce ni ban ga abin da ya gani ba. Na ce shi ma bai ga abin da na gani ba. Na ce, "Na taɓa haihuwa babu maganin nan." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya san sauran.

Ba zan daina ba. Na faɗa masa, ina kuma faɗa wa takardar nan.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Ana ta harbina daga ciki tun safe. Harba, ɗan nan. Ina tare da kai.

Alhamis, ƙarfe bakwai da kwata na safe

6.1. Jiya 6.3. Wake, ƙwai, ganye, shinkafa cikin tafin hannu ɗaya. Na bar komai, na yi sintirin, lambar ta ƙi sauka. Mai Firji ya tsaya a bayana yana kallon na'urar. Gara ya yi magana.

Litinin zan ga likita.

Juma'a, ƙarfe bakwai da minti goma na safe

Babu ita. Na zazzage gwangwanin a kan gado. Maɓallai, zare, alli. Babu robar.

Juma'a, ƙarfe uku na yamma

Bari in rubuta abin da ya faru.

Na duba ƙarƙashin gado, cikin durowa, aljihun kowace riga. Mai Firji ya riga ya fita aiki, wayarsa a kashe. Inna tana shara a tsakar gida. Jiya na ga ta shiga ɗakinmu da tsintsiya. Ban tambaye ta ba, don in na tambaya sai na faɗi abin da nake nema.

Na ɗauki katina na fita ban karya ba. Motar farko ta cika, ta biyu ta lalace a hanya. Sauran na taka da ƙafa, da cikin nan, ina haki kamar tsohon keke. A tagar karɓar magani mutumin ya duba kati ya ce, "Hajiya, ai sai nan da sati uku."

Na ce, "Ya ɓace."

"Magani ba ya ɓacewa. Sai kin kawo takarda daga—"

Na ce, "Ɗan'uwa, ka ga cikin nan? Ba zan matsa daga tagar nan ba. In kana so ka rufe, ka rufe da ni a jikinta."

Layi ya fara gunaguni. Sista Mai Tabarau ta jiyo muryata ta fito. Ba ta tambaye ni komai a gaban mutane ba. Ta sa hannu a wata takarda, aka miƙo min na sati biyu. Na haɗiye a tsaye, da ruwan famfon da ke bakin ƙofa. Ƙarfe goma da minti arba'in.

Ta ce jinkirin 'yan awanni sau ɗaya ba zai rushe aikin shekara tara ba. Sannan ta rage murya: "Amma ki gano inda ya shiga."

Yanzu sabuwar robar tana cikin jakar da ke rataye a wuyana. Da ita zan yi wanka in ta kama.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Allah ya yafe mini. Jiya wuni guda ina amsa wa Inna magana da "eh" da "a'a".

Ɗazu ina zaune ina kafa maɓalli, ta shigo ta ajiye abu a cinyata. Robar ce.

Ta ce, "Na je ɗauko filaya a akwatin kayan aikinsa, hannun tukunya ya kwance. A ƙasan akwatin na same ta, an naɗe da tsumma."

Na kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Ni ban yi karatu ba, ban san abin da aka rubuta a jiki ba. Amma shekara huɗu, duk zuwana gidan nan ina jin ƙarar gwangwanin nan kullum da safe. Abin da mutum ba ya fashi a kansa ba abin wasa ba ne. Ban tambaye ki ba, yau ma ba zan tambaya ba."

Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Ni na haife shi, amma wannan wautar ba a nonona ya sha ba."

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Ya dawo. Na ajiye robar a kan tebur, tsakaninmu.

Bai musa ba. Da ma ya musa, da na sami abin faɗa da shi. Ya ce sati ɗaya kawai ya so ya gwada, ya ga ko lambar za ta sauka. Ya ce, "Ba zan iya sake ganin wannan a gidana ba, Tela. Ba zan iya ɗaukar ki zuwa banɗaki a baya ba kamar yadda na ɗauki Baba."

Na ce, "Ka gwada? A jikina? A jikin ɗanka?"

Ya ce don yana sona ne.

Abin da na ce masa bayan wannan ba zan rubuta ba. Na haɗa kaya kala uku, na'urar awo da katina. Inna ce ta riƙe min jaka har bakin titi.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma, gidan Yaya

Yayata ta ba ni ɗakin 'yarta. Ita kaɗai a danginmu ta san komai, don ita ce a gefena wancan lokacin. Ta ce, "Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ku biyun duk an sare ku, macijin ne daban-daban." Na ce ban zo sulhu ba, na zo kwana ne. Ta ce to, ta kawo min matashi na biyu don ƙafafuna.

Na duba abin da na rubuta tun farkon littafin nan. "Ɗayan maganin." "Babban sirri." Har takarda nake ɓoye wa. To bari in rubuta da hannuna: ina ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jiki. Ƙanjamau, in ji masu faɗa da gatse. Ga shi na rubuta, rufin ɗaki bai faɗo ba.

A auren farko ban san ina da ita ba. Babu wanda ya gwada ni. Yaron da na haifa wata takwas kawai ya yi a duniya. Yana da haƙora biyu.

Shi ke nan. Ba zan ƙara ba.

Wannan kuma, ko sama da ƙasa za su haɗu, da maganin za a haife shi.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Na aika masa saƙo da safe: "Ƙarfe tara, ɗaki na huɗu. Ka zo da wayar taka." Ya riga ni zuwa. Bai yi aski ba.

Likitar ƙaramar mace ce mai magana a hankali. Na ce, "Likita, ga mijina, yana da tambaya." Ya miƙa mata wayar kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

Ta karanta har ƙarshe. Ta ce, "Ba ƙarya aka rubuta ba. Akwai wasu daga cikin magungunan nan da aka lura suna iya taɓa sukari a jikin wasu mutane. Shi ya sa muke awo." Na ga ya ɗago kai, har ya fara gyara zama. Ta ci gaba: "Amma matan da ba su taɓa ganin ƙwayar nan ba su ma suna samun sukarin ciki, ga su nan cike da benci. Akwai shekaru. Akwai gado." Ta juyo gare ni: "Wani yana da shi a gidanku?" Na ce mahaifiyarmu.

Ya ce, "To in an dakatar na ɗan lokaci fa?"

Ta ajiye biro. "Malam, sukarin nan ina da hanya uku ta kama shi: abinci, tafiya, allura. In ta daina wancan maganin, cutar za ta iya dawowa cikin jini a 'yan makonni, ta kuma iya kaiwa ga jaririn. Wannan ba ni da hanyar mayar da shi baya. In ma canjin magani ya kama, ni da ita za mu zauna mu canza. Ba a akwatin kowa ba."

Ban gaya mata zancen akwati ba. Sista ce, na tabbata, don ita na gaya wa da safe.

Ya tambaya a hankali, "Ƙafarta fa?" Ta tambaye shi shekara nawa babansa ya yi da ciwon kafin a gano. Ya ce ba su sani ba, sai da ciwo ya ƙi warkewa. Ta ce, "Ita kuma an gano cikin makonni. Za mu ci gaba da auna ta ko bayan haihuwa."

An ɗora ni a kan allurar insulin. A waje ya ce, "Tela, mu je gida." Na ce ni ma gida za ni, na hau motar unguwar Yaya.

Laraba, ƙarfe bakwai da minti biyar na safe

5.5. Allurar ba ta kai ta ɗinki zafi ba. Duk wannan tsoron.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Insulin sanyi take so, firjin Yaya kuwa sai ya ga dama. Yaya ta kira mai gyara ba ta gaya min ba. Wa kuma zai zo?

Ya kwanta a ƙasan kicin awa biyu, kansa a bayan firji. Ina zaune a kujera ina datse zaren rigunan da Doguwa ta kawo min daga shago. Daga can bayan firjin ya ce, "Na yi laifi." Na ce ban ji ba, injin yana ƙara. Ya fito da kansa, ƙura har gira, ya maimaita.

Na ce sharaɗi biyu. Ba zai ƙara taɓa abin da aka rubuta sunana a jiki ba. Kuma duk abin da wayarsa ta gaya masa, ya kai wa likita kafin ya kawo min. Ya ce ya yarda.

Na ce, "Ban yafe ba tukuna. Komawa kawai zan yi." Ya ce wannan ma ya gode.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe, a gida

5.1.

Robar tana kan tebur yanzu, kusa da kofin shayi. Na gaya wa Inna sunan ciwon jiya da rana. Ta ce, "Shi ɗana fa?" Na ce lafiyarsa ƙalau, ana gwada shi. "Jikana fa?" Na ce don shi nake sha. Ta ce, "To sha," ta turo min ruwa.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Sati talatin da shida. An sake awon jini: har yanzu ba a ganin ƙwayar cutar. Ƙafafuna sun kumbura, takalmin Mai Firji nake sawa. Madam ta kore ni daga shago, wai in na haihu a kan rigunan mutane ita ba ruwanta.

Ranakun da lambar ta ɗan hau ina ganin fuskarsa tana canzawa. Yakan fita ya daɗe a bakin famfo. Amma hannunsa yana aljihu.

Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe, a asibiti

Mace ce. Duk "ɗan nan, ɗan nan" da nake ta yi, ashe 'ya ce ke harbina. Kilo uku da rabi, baki kamar na Doguwa.

Sun soki dunduniyarta don duba sukarinta. Ya ɗan yi ƙasa da farko, aka ba ta abinci, ya daidaita. Sannan Sista ta kawo maganin rigakafin da za a riƙa ɗiga mata kullum. Ta ce, "In ba ta?" Na ce, "Kawo nan." Ni na ba ta da hannuna. Ta yamutsa fuska ta haɗiye.

Ni kuma an tsayar min da insulin. Za a sake auna ni nan gaba.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Yarinya ta cika sati shida. An ɗebi jininta don gwajin ƙwayar cutar. Sai mu jira.

Ina kallon bakinta. Babu haƙori ko ɗaya tukuna. Ban san me ya sa nake dubawa ba.

Laraba, ƙarfe sha biyu na rana

Mu huɗu muka je, har da Inna, wadda ta ce ba za ta zauna gida tana cin farce ba.

Sakamakona aka fara bayarwa. Sukari ya koma daidai. Likita ta ce kada in saki jiki, duk shekara in zo awo. Mai Firji ya ce shi zai riƙa kawo ni. Na ce ƙafata biyu ce, kuma duk suna nan.

Sannan Sista ta zaro ɗaya takardar. Ba ta ja rai ba. Ta ce, "Babu. Akwai sauran gwaji a gaba, kada ku fasa zuwa. Amma na yau, babu."

Inna ta ɗaga hannu sama. Mai Firji ya nemi benci bai samu ba, ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum, mutane na tsallake ƙafafunsa. Ni ban yi kuka ba. Na karɓi takardar na karanta da kaina, kalma bayan kalma, har sa hannun da ke ƙasa.

Ina cikin karatu na biyu yarinyar ta yi gyatsa, ta kelayo madara a kan takardar, daidai kan hatimi. Ubanta ya zabura da hankici zai goge.

Na ce, "Bar ta. Takardarta ce."